Jatau Mai Yasar Rijiya da Gishirin Maƙwabta

Ku matso, ku naɗe ƙafafu. Wanda bai wanke hannu ba kar ya taɓa min zane. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wani gari ne mai rijiya ɗaya tak. Zurfinta gaba goma sha biyu. A garin nan kaf mutum ɗaya ne ke iya shiga ya yashe ta, sunansa Jatau. Duk shekara in rani ya kama, laka ta toshe idon ruwa, sai a ɗaura masa igiya a ƙugu. Sai ya dinga taka 'yan ramukan da ke jikin bango yana sauka. Sai ya kwashe laka, ruwa ya dawo, gari ya sha.

Jatau gwanin aiki ne, kuma gwanin ci. Amma abin da ya fi so a duniya gishiri. Miyar da kowa zai ce ta yi, shi sai ya ce a ƙara. Har gutsuren gishirin manda yake sawa a aljihu, yana tafe yana lasa kamar tunkiya.

Sai wata shekara ƙafafunsa suka kumbura. Suka yi suntum kamar turame. In ka danna da yatsa, sai ramin ya zauna yana kallonka. Takalmi ya ƙi shiga. Ramukan bangon rijiya kuwa ko babban yatsansa ba sa ɗauka. Ga rani ya ƙarato, ruwa ya fara fitowa kamar kunu.

Sai matarsa Lantana ta ɗora shi a jaki, ta kai shi wurin Gwaggo Yalwa 'yar mai ganye. Gwaggo ta danna nan, ta danna can. Ta ɗauko zare ta zagaya idon sawunsa, ta ƙulla daidai inda bakin zaren ya haɗu, ta miƙa wa Lantana.

Ta ce, "Jatau, me kake ci?"

Ya ce, "Ɗan tuwo ne kawai, Gwaggo."

Lantana ta ce, "Gwaggo, a tambayi aljihunsa."

Sai Gwaggo ta zura hannu ta zaro manda, duk ta sha lasa ta yi sumul. Ta jefa wa jakin.

Ta ce, "Ba ni da saiwar da zan ba ka. Maganinka yana tukunyar matarka. Ka bar gishiri, ka bar kanwa, ka rage mai. Ka ci ganye da wake da kabewa. Ke kuma duk mako ki gwada zaren nan. In kumburin ya haye gwiwa, kar ku wahal da jaki. Kai da ka saba haƙa wa mutane, sai an haƙa maka."

Jatau ya yi tsuru-tsuru. Suka koma gida.

To, ku yaran yanzu kowa ya rungume kwanonsa a ƙuryar ɗaki kamar mage ta kama ɓera. A lokacin ba haka ake ba. Ciyayya ake yi. Da an idar da magariba, kowane magidanci sai ya fito da akushin gidansa ƙofar gida. A shimfiɗa tabarma, a jera akusa, kowa ya sa hannu a na kowa. Su Jatau su uku ne a tabarmarsu: shi, da Cindo maƙeri, da Nomau manomi. Mata kuwa ba sa ganin abin da ake yi a wajen. Akushi kawai suke gani in ya dawo.

Sai Lantana ta tuƙa tuwon dawa. Ta kaɗa miyar kuɓewa, ba gishiri, ba kanwa, ba mai. Lami salam. Jatau ya ɗauka ya fita.

Da ya dawo, tuwo na nan yadda ta kwashe shi, sai ɗan rami ɗaya a gefe. Amma mai gida na ta gyatsa yana shafa ciki. Gobe haka, jibi haka. Ranar bakwai ta ɗauko zare ta zagaya ƙafa, sai ƙulli ya ƙi kaiwa. Saura yatsa ɗaya.

Sai ta ce a ranta, "Mutum ba ya ƙoshi da iska."

Da magariba ta yi, sai ta laɓe jikin zana, ta buɗa 'yar kafa ta sa ido. Ta ga Cindo ya gutsuri tuwonta, ya dangwali miya, ya kai baki. Sai ya tsaya cak.

Ya ce, "Jatau, rasuwa aka yi a gidanku ba a gaya mana ba?"

Nomau ya ɗanɗana ya ce, "Ai ko hawaye aka ɗiga a ciki da an ji wani abu."

Cindo ya turo nasa akushin, miya na ƙyalli da man shanu. Ya ce, "Sa hannu nan, kar ka mutu da yunwa muna kallo."

Sai Jatau ya sa hannu har wuyan hannu.

Da ya shigo gida, Lantana ta ce, "Maigida, man da ke gemunka daga wace tukunya ya fito?"

Ya share gemu ya ce, "Haba Lantana. Mutum ya turo min akushi in ce a'a? Ai sai ya ce na raina girkin gidansa."

Ta ce, "To daga gobe a cikin gida za ka ci."

Washegari ta ajiye masa tuwo a tsakar gida, ta zauna a gabansa ta tsare shi da ido. Bai kai loma uku ba sai ga murya daga waje.

Cindo ya ce, "Jatau! Ko an ɗaure ka a turke ne tare da akuya?"

Nomau ya ce, "Ƙyale shi, kaza aka yanka masa. Rowa ce ta kama shi da tsufa."

Kun san a wancan zamani gara a ce da mutum ɓarawo da a ce masa marowaci. Sai Jatau ya sungumi akushi, ya ja ƙafa ya fita. Lantana ta bi shi da harara, amma harara ba ta dawo da shi ba.

Sai ta zauna ta yi tagumi. Can ta ce, "Laifina ne. Ni kaina in aka ba ni miyar nan ba zan ci ba. In na yi wadda ta fi tasu daɗi, ai hannunsa ba zai yi yawo ba."

Sai ta shiga gwaji. Ranar farko ta zuba barkono da yawa, ta ɗanɗana, sai hawaye. Ta zubar wa kaji. Rana ta biyu ta zuba tsamiya da yawa, haƙoranta suka mutu. Ta ba jaki, jaki ya kau da kai. Rana ta uku sai ta bi a hankali. Ta soya riɗi a busasshen kasko har ya fara tsalle. Ta gasa daddawa a bakin garwashi har ƙamshi ya tashi. Ta haɗa su a turmi da albasa da tafarnuwa da citta da 'yar masoro. Tana daka tana waƙa:

"Daka, daka, turmina,
Riɗi ya soyu, daddawa ta gasu,
Yakuwa, ki kama min harshe,
Gishiri, yi zamanka a kasuwa."

Sai ta dafa kabewa har ta narke. Ta zuba dakan nan. Ta ɓare busasshen kifi ta watsa. Da za ta sauke, sai ta yanka yakuwa da zogale ta zuba, ta rufe, ba ta bari ganyen ya mutu ba. Ta ɗanɗana. Sai ta sake ɗanɗanawa. Sai ta mari hannunta ta ce, "Ke Lantana, ta mara lafiya ce!"

Ranar nan akushi ya dawo kamar an wanke. Lantana ta taka rawa a bayan rumbu. Gobe ya dawo a siɗe, jibi ya dawo a siɗe. Har ta ƙara yawan tuwon. Ranar bakwai ta ɗauko zare tana murmushi. Ta zagaya ƙafa, sai murmushi ya gudu. Saura yatsa uku ƙulli ya kai. Kumburi kuwa ya hau ƙwauri, saura yatsa huɗu ya taɓa gwiwa.

Sai ta koma jikin zana ta sa ido.

Ta ga Jatau ya fito yana jan ƙafa. Tun bai iso ba Cindo ya miƙe ya karɓi akushin, wai taimako. Nomau ya buɗe. Shi kuwa Jatau, mai kumburin ƙafa ba ya zama da sauri. Sai ya dafa bango. Sai ya lanƙwasa wannan ƙafa, ya yi nishi. Sai ya lanƙwasa waccan, ya yi nishi. Kafin ɗuwawunsa su taɓa tabarma, Cindo na siɗe gefen dama, Nomau na siɗe gefen hagu.

Cindo ya ce, "Kai, Allah ya yi wa Lantana albarka. Jatau, ga namu nan, ci ka ƙoshi, mu mun gama."

Sai Jatau ya ja akusa biyu gabansa, duk gishiri, duk kanwa. Da can rabo yake ci, yanzu shi kaɗai ke cinyewa.

Lantana ta dafe kai ta ce, "Na yi mara daɗi, ya ci nasu. Na yi mai daɗi, sun ci nasa. Ashe ba tukunyata ce ke kashe shi ba."

A kwanakin nan rijiya ta ƙafe ƙaf. Mata sai rafi, tafiyar da in ka fita da sassafe sai hantsi ya dubi ludayi kake dawowa. Washegari Lantana ta ɗauki tulu ta bi sahun Delu matar Cindo da Tasalla matar Nomau. A hanyar dawowa suka sauke a gindin wata tsamiya, kowa na murza wuya.

Delu ta ce, "Wayyo wuyana. Lantana, yaushe mijin nan naki zai shiga rijiya?"

Lantana ta ce, "Ranar da kuka bar shi."

Tasalla ta ce, "Mu? Me muka yi masa?"

Ta ce, "Ku kuke ciyar da shi. Ni mazanku nake ciyarwa." Sai ta kwashe labari kaf ta gaya musu, tun daga zaren Gwaggo har kafar zana.

Delu ta ce, "To me kike so, mu daina sa gishiri? Ba ki san Cindo ba. Ran da na yi haka, har tukunyar zai biyo ni da ita gidanmu."

Lantana ta ce, "Miyar da yake siɗewa kwana bakwai ke nan, ko ƙwayar gishiri babu a ciki."

Delu ta ce, "Rantse."

Ta ce, "Ba na rantsuwa a kan miya. Ki zo ki tsaya a kaina."

Tasalla ta tafa hannu ta ce, "Shi ya sa! Kullum Nomau sai ya shigo yana ce min in je gidan Jatau in koyo girki. Ni da na yi shekara ashirin ina tuƙa masa!"

Lantana ta ce, "Ba ina roƙonku ba ne. Ku zaɓa. Ko ku rage gishiri, ko ku yi ta rafin nan har wuyanku ya shige ƙirji. In maigidana ya kwanta, wa zai shiga rijiyar? Cindo da tumbinsa?"

Suka kwashe da dariya har tulun Delu ya kusa kifewa.

Sai Lantana ta ce, "Delu, da yatsa nawa kike ɗibar gishiri?"

Ta ce, "Biyar. Wani lokaci har da tafin hannu."

"To makon nan da huɗu. Na gaba da uku. Na gaba da biyu. Harshe wawa ne, in ka janye masa abu a hankali ba ya farga. Abin da kika rage, ki cike gurbinsa da riɗi da daddawa da yakuwa."

Tasalla ta ce, "Wake fa? Ba kanwa ai sai ya kwana a wuta."

Ta ce, "Ki jiƙa shi tun jiya. Da kansa zai nuna."

Sai suka ƙulla. Kullum da la'asar turame uku na amsa wa juna ta kan danga, waƙa ɗaya, daka ɗaya. Lantana kuma ta koma fitar da akushi biyu, don ko sun wawashe ɗaya, ɗaya ya jira mai shi ya gama zama.

Makon yatsa huɗu, Lantana ta duba ƙafa. Kumburi ya ƙara hawa yatsa ɗaya. Ta naɗe zaren, ta koma bakin turmi. Makon yatsa uku, kumburi ya tsaya inda yake. Makon yatsa biyu, sai fatar ƙwauri ta fara yamutsewa kamar ta tsohuwa. Lantana ta leƙa ta kan danga ta ɗaga wa Delu yatsa ɗaya, wato yanzu da ɗaya za a ɗiba. Makon da ya biyo baya, ba wadda ta taɓa ƙwaryar gishiri, sai ɗan abin da ba a rasa ba ranar Juma'a. Maza kuwa sai ci suke suna santi. Nomau har cewa yake, "Bana matan unguwar nan an yi musu wahayin girki."

Ana nan sai Cindo ya kai fartanyu kasuwar wani gari. Yunwa ta kama shi, ya sayi tuwo wurin mai tuwo-tuwo. Loma ɗaya ya tofar. Ya dawo gida yana faɗa.

Ya ce, "Delu, mutanen garin can ba su iya girki ba. Gishiri kamar za su jeme fata! Allah ya sa ni a gidana ba a min haka."

Delu ta cusa bakin mayafi a baki ta ce, "Amin, Maigida."

Da wata biyu suka cika, Lantana ta zagaya zare, sai ya wuce ƙulli har ya yi rara. Jatau ya zura takalmi, ya shiga. Ya taka, ya yi tsalle, ya zaga tsakar gida a guje, kaji na watsewa. Ya ce, "A kawo igiya!"

Da safe gari ya taru a bakin rijiya. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya sa ƙafa a ramin farko, ta zauna daram. Ya sa a na biyu. Ya yi ta sauka har kansa ya ɓace. Kwando na farko ya fito, busasshiyar laka. Na goma ya fito, laka mai danshi. Na ashirin ya fito yana ɗiga. Can sai aka ji murya daga ƙasa kamar daga cikin tulu:

"Ku ja ni! Ruwa ya kama min gwiwa!"

Sai mata suka rangaɗa guɗa. Aka jawo Jatau, laka tun daga gashin kai har tafin ƙafa, ba abin da ake gani sai haƙora. Aka zura guga, ya fito da ruwa garau, sanyi kamar na randa. Tsofaffi suka sha, yara suka yi wanka da kaya a jiki, jakuna suka yi ta kuka ba wanda ya hana su.

To, Tasalla bakinta ba ya riƙe magana in ta ji daɗi. Tana cikin rawa sai ta ɗaga hannu ta ce, "Mu muka yashe rijiyar nan! Mu da muka hana mazanmu gishiri wata biyu ba su sani ba!"



Nomau ya gyara hula ya ce, "Ni tun ranar farko na gane."

Tasalla ta ce, "Ka gane, ka nemi ƙari."

Cindo kuwa ya kumbura kamar zugazuginsa. Ya ce, "Delu! Ni za a mayar mara lafiya ina da lafiyata? Yau ɗin nan ki mayar min da gishirina. Yadda kike sawa da, kar ki rage ƙwaya!"

Delu ta ce, "An gama, Maigida."

Da magariba aka jera akusa. Cindo ya ja nasa gabansa, ya ce yau ba ya ciyayya da kowa. Ba wanda ya yi masa musu. Ya kai loma ta farko, idonsa ya kawo ruwa. Ya kai ta biyu, jijiyar wuyansa ta miƙe. Jatau da Nomau na cin miyar kabewa suna kallonsa.

Nomau ya ce, "Yaya, maƙeri? Ta yi?"

Cindo ya ce, "Ta yi mana." Ya kai ta uku, ta tsaya a maƙogwaro, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Sai ya rarumi ƙwaryar ruwa ya shanye. Ya miƙa aka ƙaro, ya shanye. Ya juya wajen zana ya rage murya ya ce, "Delu, na san kina nan. Gobe ki koma irin ta jiya."

Daga bayan zana aka ji mata uku sun fashe da dariya.

Jatau ya cika ƙwarya ta uku ya miƙa masa. Ya ce, "Sha, Cindo, sha kar ka ji komai. Rijiya a cike take."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. In an hana ɗayanku wani abinci don lafiyarsa, kar ku zauna kusa da shi kuna tura masa kuna cewa ƙauna ce. Ku rage tare da shi, ku ma ba za ku yi asara ba. Mara lafiya ba ya warkewa da tukunya ɗaya. Kai kuma mai tsince zogale kana turawa ƙarƙashin tabarma, na gan ka. Tashi ka kwashe kafin tururuwa su zo.